Ƙuri'ar Auta

Tun da magatakardan majalisa ya kira ta ya ce an sa batun makarantar a zaman Talata, Kansila ta rasa sukuni.

Ginin firamaren mazaɓarta ne ya tsage, asusun ƙaramar hukuma kuma ba zai ɗauki aiki biyu ba. Ciyaman ya kawo shawarar a jingine aikin sabbin rumfunan kasuwa, a ƙara harajin shaguna, a gina wa yara azuzuwa. Kansiloli sun rabu gida biyu cif, ita kaɗai ce ba ta ce uffan ba. Dalilin shirunta kuwa kowa ya san shi: shugaban 'yan kasuwar yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, da cinikin takalma ya kai ta makarantar koyon jinya, kuma lokacin zaɓe shi ya bi shago-shago yana cewa, "Ku zaɓi Auta, rumfuna sun samu."

Ranar Litinin da safe ta je makarantar. Hedimasta, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ya kai ta aji uku. Tsagar ta taso daga gindin bango, ta bi bayan allo, ta haye har saman taga. Da ta sa hannu yatsunta suka shige, ƙasa ta zubo mata a hannun riga. An ture bencina gefe guda, yara sun cunkushe kamar a motar haya.

"Da hadari ya haɗo muke sallamar su, ranki ya daɗe," in ji Hedimasta. "Har sun gane. Iska na kaɗawa sai ki ga suna tattara jakunkuna suna murna."

"Injiniya ya gani?"

"Ya gani. Wai kar a bar kowa ya jingina. Na ce, yallaɓai, ka taɓa hana ɗan aji uku jingina?"

Ta so ta yi dariya, ta kasa. Idonta na kan wata 'yar siririya da ke zaune daf da bangon tana fiƙe fensir.

Daga nan ta wuce kasuwa. Ta tarar da yayanta yana kaɗe ƙurar takalma a ƙarƙashin yagaggen tamfol. Bai ce ta zauna ba.

"Auta, an ce kin je duba bango."

"Na je, Yaya."

"Mu namu ba ya buƙatar dubawa, tunda babu shi. Bara ruwa ya lalata wa mai yadi rabin kayansa. Ni na ɗauki bakina na kai wa mutanen nan. Yanzu in fito in ce ba rumfa, ga ƙarin haraji, kuma ƙanwata ce ta ɗaga hannu?"

"Yaya, 'ya'yansu ne a ajin nan."

"Har da jikokina, kar ki gaya mini. Ba bangon nake musu ba, Ciyaman ɗinku ne ban yarda da shi ba. Haraji ba ya makara, wannan na sani. Ginin fa? In aka karɓa ba a gina ba, wa za a jefa? Shi yana cikin mota mai baƙin gilashi. Ni da ke ne a ƙasa."

Ita ma abin da ke cin ta ke nan.

A gida maigidanta ya dube ta tana juya cokali a kofi, shayin ya riga ya huce.

"Ki ce ba ki da lafiya mana," in ji shi. "Ke da kika yi aikin asibiti, ai ba ki rasa sunan wata cuta mai tsawo."

Wasa yake yi, amma maganar ta zauna mata. In ba ta je ba, ƙuri'a ta yi kunnen doki, a ɗage batun sai bayan damina, ba wanda zai ce ta ci amanarsa. Har ta ɗauki waya za ta kira magatakarda. Sai ta ji iska ta bugo ƙyauren taga, ta leƙa, gabas ta yi baƙi. Ta ajiye wayar.

Ranar Talata zauren majalisa ya cika. Fanka na ƙara a sama ba ta ba da iska. 'Yan kasuwa sun mamaye bencinan baya, Yaya a gabansu, ya ɗora hula a gwiwa. Da aka zo kanta ta miƙe, ta dafa tebur.

"Zan goyi baya," ta ce. "Amma da sharaɗi. Kuɗin nan a ware shi daban. A kafa kwamitin sa ido, da Hedimasta a ciki, da wakilin 'yan kasuwa. Kuma rumfuna su zama aikin farko a kasafin baɗi."

Ciyaman ya ɓata fuska, ya raɗa wa na kusa da shi wani abu, sannan ya gyaɗa kai, don ba shi da wata ƙuri'ar. Ta ɗaga hannu. Wani ya ja dogon tsaki daga baya. Yaya ya sa hularsa ya fita bai dube ta ba.

Mako bai zagayo ba masu karɓar haraji suka shiga kasuwa. A makaranta kuwa ko bulo ɗaya ba a gani ba. In ta ratsa layin masu yadi sai hira ta mutu, mai nama da ya saba yi mata gyara ya koma auna mata cif. Yaya ya karɓi kujerar wakilin 'yan kasuwa a kwamiti, amma a zama ba ya kiran ta sai da "Kansila". Kullum da safe takan bi ta makarantar kafin ofis, kullum a ce mata takardun kuɗin ginin na kan teburin ma'aji. Duk ranar da sama ta yi duhu sai ta kira Hedimasta ta tambaya ko an fitar da yara.

Wata safiya tana tsaye a bakin ƙofar makarantar sai ga tifa ta shigo da baya, ta juye yashi a filin makaranta. Yara suka fito da gudu suna ihu. Nan take ta kira yayanta.

"Yaya, an kawo yashi!"

Tana jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Yashi ba aji ba ne," ya ce. "Mai laushi ne ko mai tsakuwa?"

"Ban sani ba."

"To kar ki sa hannu a komai. Ki riƙe direban, ga ni nan."

Ta je ta tsaya a gaban tifar. Direban ya danna mata hon, ba ta matsa ba.