Bijimin Bobbo a Kwamfutar Sada

Da damina hanyar rugar Bobbo da ke bayan ƙauyen Taba ba ta biyuwa, don rafi kan cinye ta. Shi ya sa kwamitin makiyaya na Hunkuyi ya ce ba sai ya zaga ganin dabbobi ba. Za a zaɓi bijimi ɗaya da za a kai bikin nunin dabbobi a Makarfi daga shirin da wani gidan talabijin ya ɗauka kafin ruwa ya sauka. Sada, sakataren kwamitin, shi ya raka masu ɗaukar shirin a babur ɗinsa, shi ya naɗi shirin a kwamfutarsa, kuma shi ma yana da sa a cikin takarar.

Ranar kallo, san Sada ya cika allo kamar rumbu. Da aka zo kan na Bobbo, Sada ya taɓa wani abu, sai ga dogon sa siriri, ƙafafu kamar karan dawa.

"Bobbo, sa ne wannan ko raƙumin dawa?" in ji Sada. "A riƙa ba shi dusa mana."

Aka yi dariya, har da shugaba, Alhaji Gambo. Shekara biyu Bobbo yana yi wa san nan yankan ciyawa da hannunsa.

Washegari ya nufi gidan Malama Wasila, mai koyar da kwamfuta, wadda matarsa ke kai wa nono. Ita ma ta naɗi shirin. Bayan doguwar gaisuwa ya ba ta labari, ta kunna, bijimin ya fito da ƙirjinsa da tozonsa. Ta danna wani maɓalli, sai ya rame nan take.

"Haka ka gan shi, Baba?"

"Haka."

"To bar kallon san. Dubi tayar babur ɗin Sada da ke bayansa."

Ya ƙura ido. "Ta zama ƙwai."

Ta yi masa bayani a hankali. Kowane hoto yana da faɗinsa da tsayinsa. In an matse shi, komai ya rame. In an ja shi, komai ya yi ƙiba. Abu mai zagaye shi ke tona asiri.

"Bari in je in gaya wa Alhaji," in ji ta.

"A'a, Malama. A gaban mutane ya yi mini, a gaban mutane zan rama. Ki koya mini kawai."

Bobbo bai iya boko ba, amma ya haddace wurin maɓallin: layi na uku, na farkon haruffa daga hagu. Kwana uku yana ƙetare rafi yana zuwa dannawa.

Ranar rubuta sunan mai bijimin da aka zaɓa, Bobbo ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, a sake nuna mini raƙumin nawa in yi masa ban kwana."

Sada ya kunna yana murmushi, ya matse hoton kamar wancan karo. Bobbo ya taka har gaban tebur.

"Sada, da wannan tayar ka zo daga gida? Ashe a kan ƙwai kake yawo."

Ya sa yatsa ya danna, ya sake dannawa, har tayar ta koma zagaye. Bijimin ya cika.

"A koma kan na sakatare," in ji Alhaji Gambo.

Sada ya mayar. Ashe jan hoton nasa ya yi; a hoton gaskiya sai ga haƙarƙarin sansa ana ƙirgawa. Bobbo bai tsaya nan ba. Ya ƙara dannawa da gangan, san ya tsuke kamar akuyar da ta sha jinya.

"Wannan ƙarin daga gare ni ne," ya ce.

Alhaji Gambo ya karɓi biro daga hannun Sada, ya rubuta sunan Bobbo da kansa. Sannan ya tambaye shi ko yana so a sauke sakatare.

"A bar shi, ranka ya daɗe. Roƙona ɗaya: ranar Makarfi shi zai ja igiyar bijimina ya shiga da shi fili, ni ina biye da sandata."

Sada ya buɗe baki zai yi magana. Alhaji ya ce, "An gama. Ka nemi takalmin shiga laka, don daga rugar za ka taho da shi."