Hannun Da Ta Miƙa

Mai wanki ta tura ƙofar ofishin ƙorafi na asibitin da kafaɗa, don ba ta da hannun turawa. Na dama yana rataye a ƙyalle, na hagu kuma ko kofin shayi ba ya ɗauka.

"Iya, a bi layi," in ji ma'aikacin, bai ko ɗago kai ba.

"Layin na bi har aka huda ni. Kira min likitar."

Tun tana da ƙarfinta take matse zannuwan gado da labulen mutane, har gwiwar hannunta ta hagu ta ƙi. Da ta zo asibiti, likita ta ce wai ciwon 'yan wasan tanis ne. Ita da ba ta taɓa bin wani abu da gudu ba sai sabulu in ya suɓuce. Suka ce ba yanka za a yi ba. Huda ce kamar ƙwayar shinkafa, a zura siririn ƙarfe ana kallo a allo, a cire ɓangaren jijiyar da ya lalace, ta kwana a gidanta.

Ranar aikin, nas ta zo da alƙalami ta ce, "Iya, ba ni hannu." Ta miƙa na dama. Tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa miƙa wa mutum hagu ba, kuma ta ɗauka jini za a auna. Nas ta zana alama, aka ba ta maganin da ya sa ta barci. Ta farka da filasta a hannun da bai taɓa yi mata komai ba.

Ma'aikacin ya leƙa wurin hudar, ya matso da fuska. "Ina ne ma? Wannan? Iya, ai sauro ya fi wannan ɓarna."

"Sauron gidanku ne ya hana ni wanki?"

An ce kada ta matsa ko tsumma da na daman sai jijiyar ta haɗe. Gidajen da take wa wanki suka jira, suka gaji. Jiya matar da ta fi daɗewa da ita ta aiko a karɓi kayanta yadda suke, da dattinsu. 'Yarta ce ke wanke mata zane yanzu, kuma ba ta iya ɗauraya ba. Wannan duk ta haɗiye. Abin da ya ƙi wucewa shi ne maganar da 'yar ta yi a bakin famfo, a hankali, ba da faɗa ba: "Iya, ke ma da sakarci. Ai da kin yi magana."

Likitar ta shigo, yarinya ce sa'ar 'yarta. Ta tsaya nesa da kujerar da mai wanki ta zauna.

"Iya, mun duba. Nas ta ce ke kika miƙa."

"Na miƙa. Ni uwata ta koya min ladabi. Ke wa ya koya miki tambaya?"



"Ba wani abu na zo karɓa ba," in ji mai wanki. "Ki faɗa da bakinki waye ya yi kuskure. Ina da 'ya a gida, tana min kallon wawiya."

 Likitar ta jawo kujera ta zauna kusa da ita.

"Mu ne, Iya. Namu ne mu tambaya wanne ke ciwo."

Mai wanki ta jira ta ji sanyi a ranta. Ba ta ji ba. Gidajen sun riga sun tafi.

"Na hagun za mu gyara, in na daman ya warke," in ji likitar. "Shi ma sai kin huta masa. Ba ni hannun in gani."

Na daman ya zabura daga cikin ƙyallen da kansa, da ciwonsa da komai. Mai wanki ta harare shi, ta mayar da shi kan cinya. Sannan ta cije leɓe ta ɗago na hagun a hankali, tana kallon bango.

"Ki yi haƙuri da hagu," ta ce.