Albarka a Bakin Kududdufi

"Akwatin duka," in ji Lawal. "Har da dalmar da ke ciki."

"Har da ta Baba?"

"Ai ita ce akwatin, Malam Isiyaku. Sauran duk ana samu a kasuwar Kurmi."

A zauren Isiyaku muke, cikin Ƙofar Na'isa, a daminar 1957. Ni suka kira shaida. Isiyaku baduku ne, ba masunci ba, amma fatsa ta shiga ransa tun yana saurayi. Kifin da ya kama ma maƙwabta yake ba wa. Abin da yake so kayan ne. Shekara ashirin yana tara ƙugiyoyi cikin wani akwatin katako: na maƙeran birni, na Nufawa, na kanti, kowace a soke jikin jar fata. A tsakiya akwai wata baƙa mai dogon wuya wadda mahaifinsa ya bar masa. Ba ya barin kowa ya taɓa ta.

Lawal kuwa tsohon kukun wani Bature ne na kamfanin gyaɗa. Da Baturen zai koma ƙasarsu, ya bar masa sandar fatsa mai gaɓa uku, ana haɗa ta ana rabawa, ga wani ɗan inji a gindinta mai naɗe zare yana ƙir-ƙir. Zaren na roba ne, ba ka ganinsa sai rana ta doke shi. Wata uku Isiyaku yana zarya a kanta, yau Lawal ya ce sai dai a yi musaya da akwatin.

"To," in ji Isiyaku, muryarsa ta yi ƙasa. "Amma sai na gwada. Gobe da hantsi, a kududdufin bayan ganuwa."

"Gwada mana. Baba Tanko, ka ji dai?"

Na ce na ji, kuma kafin kowa ya ce ya sallama, kaya na mai shi ne. Suka yarda. Da na karɓi sandar ina juyawa, na ga an naɗe gaɓar tsakiya da baƙin zare, an shafe shi da wani abu mai ƙyalli. Sauran naɗe-naɗen ja ne. Na dubi Lawal, ya dubi rufin zaure. Na yi shiru, don ba a kira ni ɓata ciniki ba.

Washegari an kwana ana ruwa, kududdufin ya cika har ya shanye hanyar jakuna. Kowa a unguwar ya san akwai wata tsohuwar gaiwa a ciki, wadda ta tsinke wa mutane da dama igiya. Isiyaku ya duba ƙugiyar Baturen, ya yi tsaki.

"Wannan ai ta ƙananan kifi ce, irin su karfasa."

Ya buɗe akwati ya zaro ta mahaifinsa.

"Kai, mayar da ita," in ji Lawal. "Tawa ce an jima."

"An jima ba yanzu ba ne."

Ya ɗaure ta da ƙullin da uban ya koya masa, zagaye uku a ja da haƙori. Ya soka ɗan kwaɗo, ya wurga. Zaren ya tafi can tsakiya, inda hannu bai taɓa kaiwa ba. Na ga fuskarsa ta washe, ya buɗe baki. Wallahi kalmar sallama tana kan harshensa.

Sai totuwar karan da ya ɗaura wa zaren, da ke yawo bisa ruwa, ta nutse.

Injin ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Sandar ta lanƙwashe har kanta yana neman taɓa ruwa. Isiyaku ya kafa ƙafa cikin taɓo, yana naɗewa, kifin yana warwarewa. Can muka ga baya baƙi, tsawon hannun ƙato, ya juya ya koma. Masu wanki suka bar duwatsunsu suka taho.

Daga nan na ji wani ɗan sauti, ƙas, daga gaɓar tsakiya. Lawal ma ya ji.

"Na sallama!" ya daka tsawa. "Malam Isiyaku, na sallama maka! Baba Tanko, ka shaida!"

"Bakin mutum ɗaya na ji," na ce.

"Ce ka sallama mana! Ka ga irin aikinta, me kake jira?"

Isiyaku bai waiwayo ba. Gumi yana zuba masa a ido.

"Ka ji ni? In ta karye a hannunka ba ka saya ba, ramuwa za ka yi, akwatin dai nawa ne. Gara ka faɗa cikin mutunci." Lawal ya riga ya ɗora ƙafa a kan akwatin.

Ƙas, karo na biyu. Baƙin zaren ya fara buɗewa.

Isiyaku ya dubi gaɓar, ya dubi ƙafar Lawal, ya ce da ƙarfi yadda mai tumatir ke ce wa wanda ya yi masa tayin raini: "Albarka!"

Masu wanki suka fashe da dariya. Sandar ta rabe biyu.

Bai tsaya kallonta ba. Ya cafki zaren da hannu, ya naɗa a tafi, ya shiga ruwa har gwiwa. Igiyar auduga ya saba da ita, wannan kuwa yanka take kamar reza. Jini ya biyo gwiwar hannunsa.

"Saki, Isiyaku!" na ce. "Za ta cire maka yatsa!"

"Ta Baba tana bakinta!"

Ya ja, ya ja, har kan gaiwar ya fito kusa da ƙafarsa. Na ga dogon wuyan ƙugiyar a gefen bakinta. Ya miƙa hannun hagu. Sai kawai ya faɗi zaune cikin ruwa, zaren ya dawo masa sako-sako.

Bai tsinke ba. Bakinsa a murɗe yake kamar jelar alade. Ƙullin ne ya zame. Ƙullin da ya riƙe auduga shekara arba'in bai san roba ba.

Lawal ya sunkuya zai ɗauki akwatin. Na riga shi ɗaukar guntun sandar, na warware sauran baƙin zaren a gaban masu wanki. Tsagar ta tsufa har ta yi duhu, ga busasshen danƙo cike da ita.

"Malam Lawal, wannan ɗinkin naka ne ko na Bature?"

Ya ɗage ƙafa daga kan akwatin, ya tsince gutsattsarinsa, ya bi ta gindin ganuwa yana gunaguni.

Na yage bakin rawanina na ɗaure wa Isiyaku hannu. Yana kallon ruwan ya ce, "Jiya ka ga zaren nan, Baba Tanko?"

Na ce na gani.

Ya rufe akwatinsa ya saɓa.

Lawal ya rasa sanda, kuma har ya bar unguwar ba wanda ya sake ciniki da shi ba tare da an warware naɗi an duba ba. Isiyaku ya tsira da akwati, sai dai tsakiyar jar fatar nan fili ne, bai taɓa soka wata a wurin ba. Ni na rasa wurin zamana a zaurensa har damina biyu. Gaiwa kaɗai ta ci riba: ta sami kwaɗo, ta tafi da ƙugiya.