Sunan Uban Duaa

Ƙanena Yasir shekararsa ta biyu ke nan a Kanada yana karatun injiniya, amma abin da na ga ya ƙware a kai zuwa yanzu shi ne tauna cingam a waya da kiran mu "ku mutanen can". Ni na goye shi a nan Gadarif ta Sudan, fitsarinsa ya sha jiƙa mini zane. Shi ya sa idan ya fara iyayinsa nake barinsa ya gama.

Wata Juma'a da hantsi ya kira ta bidiyo, ina tsakar gida ina tuyar kisra, wainar dawarmu. Mahaifiyarmu Inna ta karɓi wayar tana washe baki, ta juyo mini da fuskarsa.

"Yaya Hajar, taimako kaɗan nake so," in ji shi.

Ya ce a can ɗalibin da ke ɗan aiki, kamar shi da ke wanke kwanuka a gidan abinci, duk shekara sai ya cike takardun haraji. Wani mai cike wa ɗalibai baƙi irin waɗannan takardu ya raɗa masa cewa mai ƙaramin yaro ana yi masa rangwame, har a dawo masa da wani abu. Shi kuwa ko budurwa ba shi da ita, balle yaro.

"To, ga Duaa," ya ce. "Ai 'yata ce. Ɗan 'yar'uwarka ɗanka ne, ba haka kuka koya mana ba? Takardar shahadar haihuwa kawai za a sake, a sa sunana. Ma fi mushkila, ba matsala."

Duaa 'yata ce, shekararta huɗu. Ubanta Siddiq tarakta ce ta kife da shi a gonakin Gadambaliya lokacin yankan dawa, tana wata bakwai a ciki. Lebura ne, bai bar gona ba, bai bar akuya ba. Abin da ya bari suna ne. Mu nan ba a tambayar yaro sunansa ya faɗi guda ya tsaya, sai ya jero na uba da na kaka da na kakan uba. Ranar da Duaa ta fara faɗin "Duaa Siddiq Abuelgasim Husain" ba tare da tuntuɓe ba, sai da na shiga ɗaki na yi kukana na fito.

Na ce wa Yasir kisrata tana ƙonewa. Na ɗauka maganar ta mutu.

Bayan kwana biyu sai ga Abdulganiyyu, ɗan ƙanwar Inna, mai shagon buga takardu a bakin kasuwa. Mutum ne da ko takardar shaidar zuwa wata ka nema zai tambaye ka ranar da kake so a rubuta. Inna ta dafa masa jabana, gahawarmu mai citta, ya zauna yana kurɓa yana lissafa abin da za a yi wa shahadar Duaa, kamar mai cinikin riɗi.

"Matsala ɗaya ce, ya Hajar," ya ce. "Shi Yasir Jibrin Suleiman, ke Hajar Jibrin Suleiman. In aka sa shi uba, ke uwa, kin ga yaya da ƙane sun haifi yarinya ke nan. Ko kawajat, Turawan can, ba za su haɗiyi wannan ba."

Ƙamshin jabanar ma ya koma mini kamar na kwata.

Ya ci gaba, ko a jikinsa. "Sai mu canza uwar. Mu sa Manal, sunan yana da sauƙi a bakinsu. Mu ce ta rasu wajen haihuwa, sun fi tausaya wa uba shi kaɗai. Halas, shi ke nan."

Wato an binne Siddiq sau ɗaya a maƙabarta, yanzu za a sake binne shi a shagon Abdulganiyyu, a haɗa da ni ina raye ina tuya musu kisra. Na miƙa hannu na ɗauke finjalin daga gabansa, na zubar a ƙasa. Na ce ya gaida gida.

Inna ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Da ta buɗe baki cewa ta yi, "Takarda ce fa kawai, Hajar. Maganin sukarina wa yake aikowa? Ke ce?" Gaskiya ta faɗa, Yasir ne yake aikowa. Wannan ya fi komai ci mini rai. Na dai ce mata a'a ɗina tana nan, na ɓoye shahadar Duaa cikin rigar matashina, na koma aikina na tsince riɗi a kasuwar amfanin gona. Kullum Duaa tana gida wajen Inna.

Wata Talata da la'asar na dawo, ƙura har cikin kunnena. Maƙwabciyarmu Haliima tana zaune a ƙofa, ta tare Duaa da ta rugo ta rungume ni, tana tsokanarta yadda ake yi wa yara.

"Ke 'yar wace ce? Faɗa mini sunanki."

Duaa ta tsaya ƙyam, ta ɗaga haɓa. "Duaa Yasir Jibrin Suleiman." Sannan ta buɗe tafin hannunta tana jira.

Haliima ta dube ni, na dubi cikin gida. Inna tana kan angarib, gadonta na igiya, gwangwanin alawar ɗahaniyya a gefenta, rabinsa babu. Ta kawar da kai ta ce, "Ko da masu harajin za su kira ta a waya su tambaya."

Ban yi faɗa ba, ƙyamar ta wuce faɗa. Na saɓa Duaa a kafaɗa muka fita. A kan hanya ta jawo mayafina, ta kira ni yadda yaran nan suke kiran uwa.

"Yumma, wanne zan faɗa a ba ni alawa?"

Na tsaya a shagon kan kwana, na sayi ɗahaniyya da kuɗin wunina. Muka zauna a gindin katanga, na gutsura kaɗan na riƙe a saman kanta.

"Ce Siddiq."

Ta kalli alawar, ta ce Siddiq. Na sa mata a baki, na sake gutsuro wata.