Mataji a Hannun Mai Aski

Tun ranar da mota ta kaɗe mai aski a bakin shagonsa, kansa ya bugu da kwalta, matarsa ta tare a gefen gadonsa a asibiti. Ya yi makonni bai san inda yake ba. Daga baya ya buɗe ido, amma idon ba ya sauka a kan kowa.

Kullum sai matar ta tari likitar da ke duba shi da albishir: "Yau ma ya matse min hannu."

"Hannu kan damƙe da kansa, 'yar'uwa," in ji likitar. "Abin da nake nema shi ne in ce ya yi abu ya yi, in sake faɗa ya sake yi."

Maganar nan ta daɗe tana ci mata rai.

Wata safiya likitar ta zo gwajin da ta saba, ta tarar da wan mai askin ya zo dubiya. Ta kanga wa majinyacin madubi, ta ja madubin dama a hankali. Idonsa ya bi. Ta ja hagu, ya bi. Matar ta miƙe tsaye ba ta sani ba.

"Kada kowa ya yi magana," likitar ta ce, ita ma muryarta ta sauya. Ta sa masa kofi a hannu. "Malam, nuna min yadda ake amfani da wannan."

A hankali kofin ya tafi, ya tafi, har ya taɓa leɓensa. Aka maimaita, ya sake kaiwa.

Sai ta ba shi mataji. Ya jujjuya shi tsakanin yatsu, ya ɗago hannu, amma bai nufi kansa ba. Gemun wansa da ya sunkuyo ya laluba, ya shiga tajewa.

"Yaya, kada ka motsa!" matar ta ce, dariya da kuka sun haɗe mata.

"Ina zan motsa? Dama tun da ya kwanta ban yarda wani ya taɓa gemun nan ba."

Likitar ta ce da sauran tafiya, magana da tsayuwa sai a hankali, amma yau ya haye babban mataki: yana jin umarni, ya san amfanin abin da ya riƙe.

Matar ta fita baranda da takalmi wari guda, ta kira surukarta. Da tsohuwar ta ɗauka, sai matar ta ce:

"Mama, ki sa mayafi ki taho. Ɗanki ya koma aiki."