Walt a Gareji

Yayana Walt bai taɓa jefa ƙwallo ta tsallake katangar maƙwabci ba, amma ya shekara talatin yana koya wa masu jifan ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka sana'arsu daga kan kujerar falonsa. Direban motar share ƙanƙara ne, gwiwarsa ɗaya ta tashi aiki, tumbinsa yana riga shi shiga ɗaki. Duk da haka ranar Lahadi da zarar an kunna talabijin, sai ya zama shi kaɗai Allah ya ba wa ido a duk garin.

Abin da ya sa muke yi masa haƙuri shi ne mun san ciwonsa. Walt bai taɓa ganin ƙungiyarmu ta ci wasan sili-ɗaya-ƙwale da idonsa ba. Rabon da ta ci irinsa tun yana da gashi a ka, kuma ranar an yi dusar ƙanƙara mai yawa aka kira shi aiki, a bakin wani mai sayar da fetur ya ji labari. Ba ya son a tayar da zancen, amma kowa ya san wannan ranar yake jira.

A bana wanda ya sa wa ƙahon zuƙa shi ne Maddock, mai jifanmu, wanda duk wasan yake rataye a hannunsa.

"Dubi yadda yake riƙe ƙwallo, don Allah," in ji Walt. "Kamar an ba shi riƙon jaririn wata. Jefa mana, ɗan banza! Ga mutum can shi kaɗai yana ɗaga maka hannu, ko sai ya aiko maka da katin gayyata?"

In Maddock ya jefa da wuri, ya yi gaggawa. In ya jira, matsoraci ne. Koci Dombek ma bai tsira ba. Idan aka kai dama ta huɗu, wadda in an faɗi ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, koci ya sa a buga ta da ƙafa a rabu lafiya, sai Walt ya ce ba shi da zuciya. In kuwa ya ce a gwada, sai Walt ya ce wa ya ba wa mahaukaci ƙungiya. Ni dai ban taɓa jin ranar da mutumin nan ya yi daidai ba.

Masu sauraren wannan karatu mu uku ne: matarsa Darlene, abokinsa Duane mai gyaran famfo, sai ni Rhonda, da nake zuwa saboda fukafukan kajin Darlene. Kuma kar ka ga Walt da yawan lissafin yadi da maki ka ɗauka mai ilimi ne. Babu mai camfi irinsa. Ya hana ni sa jan kaya a gidansa shekara guda cur. Ya hana Darlene wanke rigarta ta ƙungiya daga Satumba har Kirsimeti. Akwai ranar da ya sa surukarsa a mota ana tsakiyar wasa ya mayar da ita gida, wai tunda ta zauna ba mu ƙara gaba ba. Tsohuwar tana kuka, shi kuwa yana cewa, "Ba ni ba ne, Mama, ƙungiya ce."

To, wata Lahadi cikin Oktoba ana lallasa mu, sai ya tashi cikin fushi ya tafi gareji ɗauko naman kilbasa a firiza. Garejin nasu yana can ƙarshen tsakar gida ta baya. Fitarsa ke da wuya Maddock ya saki wani dogon jifa, yaronmu ya cafe ya kai ƙarshen fili, muka ci maki. Walt ya dawo ya zauna, Maddock ya ɗauki ƙwallo ya miƙa wa abokin hamayya a hannu.

Duane ya dube shi, ya dubi talabijin.

"Walt, ba ka manto komai a gareji ba?"

"Me zan manto?"

"Je ka dai duba."

Da wasa ya ce, da wasa Walt ya tafi yana zagi. Muka sake ci. Da ya leƙo ta ƙofar kicin, Darlene ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Koma." Ranar muka ci wasan da babu wanda ya ba mu.

Ni ban yarda ƙafar yayana tana da wata alaƙa da hannun wani saurayi mai miliyoyin daloli da bai san an haife shi ba. Amma ranar ce karo na farko da na ji muryar mai sharhi a falon nan, kuma ta yi mini daɗi. Da aka zo batun a sake tura shi gareji mako na gaba, ni na fara ɗaga hannu.

Walt ya yi tsalle ya dire. "Gidana ne! Talabijin ɗina ne! Wa zai gaya muku abin da ke faruwa? Duane ko bambancin jifa da tuntuɓe bai sani ba."

"Ba mu ba ne, mai gida," in ji Darlene a hankali. "Ƙungiya ce."

Ta jima tana ajiye da wannan maganar.

Haka aka kai masa kujerar naɗi da 'yar hitar ɗumama ɗaki gareji, Duane ya gaje kujerar falo har da ɗora ƙafa. Muka ci biyu a jere. A mako na uku gogan naka ya shiga mota ya kunna rediyo a ɓoye, aka casa mu. Da bakinsa ya tona kansa, fuskarsa kamar wanda ya kashe mutum. Shi da kansa ya miƙa wa Darlene makullin mota da wayarsa. Da ya lura yana iya gane yadda ake ciki daga ihunmu, sai ya ɗauko abin toshe kunnen da yake sawa in zai yanke ciyawa, ya juya kujerar tana kallon firiza. Aka ɗora wa Duane aiki ɗaya tak: in an tashi, ya je ya taɓa shi.

Kada ka ce wannan ya sa bakinsa ya mutu. Da yamma sai ya kunna wasan da aka naɗa, ya zauna da sauran kajin da suka huce, yana yi wa mutanen da suka riga suka ci faɗa.

"Sa'a ce kawai. Dubi ƙafarsa, dubi inda ya taka! Da ni ne Dombek da tuni na zaunar da shi na sa ƙaramin nan da ke benci."

"Walt, maki talatin da ɗaya ya ci mana."

"Da arba'in ne in da yana da kai."

Amma ba ya kai ƙarshe. Yakan kashe ya ce ɗumame ne, ba ɗanɗano. Duk gari kuwa an san labari. A coci mutane suna dafa kafaɗarsa, wani ma ya aiko masa da safar hannu. A wurin aiki suka sa masa suna Firiza. Yana hura hanci da abin a gaban mutane, amma ni ƙanwarsa ce, na ga yadda yake tsayawa a ƙofar falo kafin a fara, yana kallon Duane a kujerarsa.

Da haka da haka muka kai Janairu, muka samu shiga sili-ɗaya-ƙwale, a filinmu, da rana. Falon ya cika da maƙwabta, har da waɗanda ba su san dokar wasan ba. Ana saura kaɗan a fara Walt ya fito sanye da tsohuwar rigar ƙungiya ta marigayi babanmu, wadda ta matse shi a ciki, ya tsaya tsakiyar ɗaki.

"Yau zan kalla," ya ce.

Kowa ya juyo.

"Kai, Firiza, kar ka yi mana haka," in ji Duane. "Yau ɗin?"

"Zango na farko kawai. In abu ya lalace in fita."

"In ya lalace ai ya lalace! Wannan ba Oktoba ba ne da za a ce sai wani mako."

"Ku fa mutane ne masu hankali," in ji Walt. "Me gareji zai yi wa Maddock? Yaron ya gyara ƙafarsa ne, shi ke nan. Tun watan jiya yake taka ta baya daidai. Na gani."

Wannan ne yabo na farko da na taɓa ji ya yi wa mai jifa, kuma a banza ya tafi. Wani maƙwabci ya ce surukinsa yana can filin wasa cikin sanyi, ya sayar da babur ya sayi tikiti. Wata ta ce a tuna da yara. Kai ka ce Walt ne zai shiga fili ya karya wa Maddock hannu. Manya da furfurarsu, wasu da digirinsu, suka taru suna roƙon direban motar ƙanƙara ya je ya kalli firiza don kada wani attajiri ya yi kuskure.

Walt ya dubi Darlene. Ta sunkuyar da kai tana jera faranti.

"In na zauna aka cinye mu fa?" ya tambaya, ba kowa yake tambaya ba.

Ya ɗauki hularsa ya fita ta kicin.

Wasan ya yi zafi, ba zan yi ƙarya ba, har ni na manta da kaji. Ana dab da tashi suna gabanmu da maki uku, muna kusa da ƙarshen filinsu, dama ta huɗu. Buga ta da ƙafa tsakanin sanduna kawai za a yi, a samu maki uku a yi kunnen doki. Sai Dombek ya bar Maddock a fili.

"Mahaukaci!" Duane ya miƙe tsaye. "Wa ya ba wa wannan ƙungiya? Ku kore shi! Yau ɗin nan ku kore shi!"

Kujerar ce, ina jin, duk wanda ya zauna a kanta sai ya kamu.

Maddock ya ja baya, ƙattai biyu suka yo kansa, ya saki ƙwallo yana faɗuwa. Namu ya cafe a ƙarshen fili.

Ban san wanda ya fara buɗe ƙofar gaba ba. Na dai ga Duane yana sumbatar talabijin yana kiran Dombek uban masu hankali, na ga Darlene tana kuka da ludayi a hannu, sai ga mu duka a titi ba ko rigar sanyi. Motoci suna ta hon, wani yana dukan murfin tukunya, mutanen da suka shekara ba sa gaisawa suna rungume juna. Taron ya kwashe mu har mashayar kan kwana, inda kowa ya zama gwani, kowa tun Satumba ya san Maddock zai yi abin nan.

Sanyi ne ya koro ni gida ɗaukar kwat, rana ta riga ta faɗi. Falo ba kowa, talabijin yana ta magana shi kaɗai. Ina ratsa kicin na hango hasken fitila a tagar gareji. Sai na tuna babu wanda ya je ya taɓa Walt.

Yana zaune yadda ya saba, bayansa ga ƙofa, ya lulluɓe gwiwoyinsa da wani tsohon bargo, hannuwansa a hammata. Hitar ta mutu. Na taɓa kafaɗarsa, ya ɗage abin kunnen gefe ɗaya bai juyo ba.

"Kar ki faɗa mini maki. Ƙarin lokaci aka shiga, ko?"

"Walt, an tashi. Mun ci."

"Yaushe?"

"Tun ɗazu."

Ya cire abin kunnen gaba ɗaya. Sai a lokacin ya ji hon ɗin motoci da ihun da ke tasowa daga kan kwana. Ya daɗe yana saurare.

"Duane fa?"

"Yana mashaya."

Na zaci zai yi zagi, na ma so ya yi. Sai ya ce in ba shi labari. Na ce dama ta huɗu ce, koci ya ƙi bugun ƙafa, Maddock ya jefa.

"Wane irin jifa? Ta saman kafaɗa ya sako masa ko a ƙirji? Ina masu tsaron suke?"

"Ya dai jefa, wancan ya cafe."

"Iyakar abin da kika gani ke nan?"

"Iyakarsa ke nan."

Ya gyaɗa kai. Tausayinsa ya kama ni har na kasa duban fuskarsa, haushin mutanen kan kwana kuma ya cika mini ciki. Na ce ya taso mu je, yau ko sisinsa ba zai kashe ba, kowa zai saya masa giya. Ya dafa firiza ya miƙe da ƙyar, gwiwar ta sandare. Ya naɗe kujerar ya jingina ta da bango, sai kuma ya tsaya yana kallonta.

"Na mako mai zuwa da rana ne ko da yamma?"

"Da yamma, in ji su."

"To," ya ce. "Ki ce wa Darlene ta nemo mini bargo mai kauri. Wannan ba ya tare komai."