Harafin da Aka Cire

Malama Nuriyya na tsaye a bayan dandamali tana duba ɗan littafin tallar da aka miƙa mata, sai yatsanta ya tsaya a shafi na huɗu. Ta sake karanta layin, ta ɗaga kai tana neman Alhaji Hamza.

Rana ta biyu ke nan da fara bikin marubuta labaran binciken laifi a Sakkwato. Kamfanin ɗab'in da Alhaji Hamza ke wakilta daga Kano shi ya kama zauren, ya kawo kujeru da lasifika da abincin rana. Saboda haka fastocin marubutansa ne a bakin ƙofa. Sauran marubuta, irin su Nuriyya da ke buga nasu da albashi, an jera musu tebura can ƙarshen zaure kusa da tankin ruwa. Bana ne kamfanin ya ga littafinta ya yaba. Za a ba ta minti goma ta karanta babi ɗaya da suka buga a ɗan littafin tallar, in ta sauko a sa hannu a yarjejeniya.

"Alhaji, an taɓa mini kalma," in ji ta.

"An gyara dai, Malama. Editanmu ya ga 'munka' ya mai da ita 'muka'. Harafi ɗaya ne fa."

Ta yi masa bayani a hankali, yadda take yi wa 'yan ajinta a Runjin Sambo. A labarin, an sace gwal a wani shago a Ƙofar Taramniya. Wanda ake zargi ya rantse shi Bakano ne, jiya ya fara taka garin. Yana ta Kananci tiryan-tiryan, har mai bincike ya matsa masa, bakinsa ya suɓuce ya ce, "Da munka iso tasha." Nan asirinsa ya tonu.

"In an cire harafin nan, ɓarawo ya tsira," ta ce.

Alhaji Hamza ya yi dariya. "To a kama shi da wani abin mana, ko takalmi ko waya. Mai karatu a Kano da Kaduna cewa zai yi kuskuren bugu ne, mu kuma sunanmu ne a bango. Malama, ke da kike koyar da Hausa?"

Maganar ta same ta. Shekara goma sha tara tana soke wannan harafin da jan biro a littattafan yara, tana rubuta musu a gefe cewa ba haka ake rubuta daidaitacciyar Hausa ba.

"Minti goman nan namu ne," ya ƙara da cewa, ba tare da faɗa ba. "Namu za ki karanta."

Zakiyya mai gabatarwa ta kira sunanta. Nuriyya ta hau da ɗan littafin a hannu, ta ajiye shi a kan tebur, ta zaro nata bugun daga jaka, mai siririyar takarda da bangon da ya fara ɓarewa. Ta karanta rantsuwar Bakanon, ta karanta tambayoyin mai bincike ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo layin, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma tsaya ba.

"Da munka iso tasha..."

Wani dattijo a sahu na uku ya buga sandarsa a ƙasa. "Ƙarya shika yi! Wanga Basakkwace na!"

Zaure ya kaure da dariya. Wata mata daga baya ta ce, "Baba, bari mai bincike shi yi aikinai mana!" Sai da Zakiyya ta roƙi a yi shiru kafin Nuriyya ta ƙarasa babin.

Da ta sauko, Alhaji Hamza na rufe jakarsa. Takardar yarjejeniyar na ciki.

"Kin iya karatu, Malama," ya ce. "Amma nan Sakkwato ne. Sai na koma na yi shawara da manya."

"Allah ya kai ka lafiya, Alhaji. A gai da edita."

Ta koma teburinta kusa da tanki. Mutum biyar ko shida sun riga ta isa, kowa riƙe da ɗan littafin tallar da aka raba kyauta a ƙofa. Dattijon nan ne a gaba, ya buɗe shafi na huɗu yana nunawa da yatsa.

"Ɗiyata, nawa babu inda anka kama shi."

"Kawo, Baba."

Ta laluba jaka ta ɗauko jan biron makaranta, ta cire murfin. Tsakanin "mu" da "ka" ta sa ƙaramin "n", ta hura ya bushe, ta miƙa masa. Sannan ta karɓi na mai bi masa.